Yadda za ka gane ko fim ɗin tsoro na almarar kimiyya ya yi wa littafinsa adalci

Tun da fari dai ka daina ƙirga abin da aka cire. Mutane da yawa in sun gama kallo sai su fara lissafi, wane babi ne babu, waye aka canza wa suna, daga nan su yanke hukunci wai an ɓata littafi. Irin waɗannan labaran masu sa mutum dogon tunani ba haka ake auna su ba, domin tsoronsu a cikin kai yake zaune, kamara kuwa ba ta shiga cikin kai. Zan yi misali da Annihilation, littafin Jeff VanderMeer na 2014 wanda Alex Garland ya mayar fim a 2018, kuma zan fasa ƙwai, in baka kalla ba ka sani.

Fara da littafin, in ka gama kar ka kunna fim ɗin a ranar. Bari ya kwana uku ko huɗu, sannan ka ɗau biro ka rubuta a layi ɗaya tak abin da ya tsaya maka a rai ya hana ka sakewa. Wannan layin shi ne ma'auninka. Ni abin da na rubuta shi ne, mace tana kallon kanta tana canzawa zuwa wani abu daban kuma ba ta da tabbas ko tana son ta tsaya. Naka zai iya bambanta, ba komai, amma dai ka rubuta kafin hotunan fim su danne maka naka hoton.

Sai kallo, waya a ajiye, sauti a sama, domin rabin aikin irin wannan fim a kunne yake.

Bayan nan ne za ka duba abin da aka cire, amma tambayar ita ce wane aiki yake yi a littafin, kuma waye ya ɗau aikin a fim. A littafin, a cikin wani killataccen yanki mai ban al'ajabi da aka tura tawaga ta bincika, akwai wani rami mai matakala da ya nutse cikin ƙasa wanda mai ba da labarin ta nace sai ta kira shi hasumiya, a bangonsa akwai rubutu mai rai da ya tsiro kamar funfuna, kuma akwai wata halitta can ƙasa da ke ta rubuta shi. Wannan fa shi ne zuciyar littafin, Garland kuma ya cire shi kwata-kwata. Da farko abin ya min ciwo wallahi, amma da na zauna na yi tunani sai na ga rubutu a bango yana razana mai karatu ne saboda shi ma rubutu yake karantawa a lokacin, kalmomin suna shiga kansa kamar yadda suke shiga na matar, to a allo kuwa sai dai ka ga mace tana haska bango da tocila. Me ya maye gurbinsa? Dabbar nan mai kama da beyar da ke kuka da muryar matar da ta kashe, da bishiyoyi masu siffar mutane. Duka magana ɗaya suke yi da rubutun, cewa wurin nan yana ɗaukar abin ɗan adam ya cakuɗa shi da nasa. In ka samu irin wannan musanya, an yi aiki. In kuma an cire an bar wurin fayau ko an cusa harbe-harbe, nan ne za ka ce an yi asara.

Ka kula da muryar mai ba da labari, nan ne finafinai suka fi faɗuwa. A littafin mata huɗu ne suka shiga yankin kuma ko ɗaya ba ta da suna, da aikinsu ake kiransu, mu kuma littafin rubutun masaniyar halittu muke karantawa, tana ɓoye mana abubuwa, sai da tafiya ta yi nisa ta faɗi cewa mijinta yana cikin tawagar da ta gabata. Fim ɗin ya mai da su biyar, ya ba masaniyar halittun suna Lena, Natalie Portman ta fito a matsayin, sannan ya sa ana yi mata tambayoyi bayan ta dawo don mu riƙa shakkar maganarta. Dabara ce mai kyau, sai dai a ganina bai kai na littafin ba, tunda da zarar ka ga tana zaune tana amsa tambaya ka san ta fito, a littafin kuwa ba ta ma dawo ba.

Sai yawan bayani. Ƙa'idata a nan, duk inda littafi ya bar ka cikin duhu da gangan fim kuma ya kunna fitila, ka rage masa maki. Annihilation ya ɗan yi wannan, ya nuna wani abu ya faɗo daga sama tun a farko, ya kuma sa wata jaruma ta yi bayanin yadda yankin ke karkatar da ƙwayoyin halitta kamar yadda gilashi ke karkatar da haske. Under the Skin na Jonathan Glazer a 2013 akasin haka ya yi, littafin Michel Faber na 2000 ya faɗi ƙarara dalilin da ya sa wata halitta daga wata duniyar mai siffar mace take kama maza a Sikotland, naman su ake so, fim ɗin ya share bayanin ya bar ka da baƙin ɗaki da shiru. Ya yi nesa da littafin sosai amma tsoron ya ƙaru.

Kar kuma ka mai da ra'ayin marubuci hukuncin ƙarshe. Marubuci Stanisław Lem bai ji daɗin abin da darakta Andrei Tarkovsky ya yi da littafinsa Solaris a fim ɗin 1972 ba, shi damuwarsa ita ce ɗan adam ba zai taɓa fahimtar baƙuwar halitta ba, daraktan kuma ya karkata ga nadama da soyayya da kewar gida. Lem yana da gaskiya cewa an sauya masa magana, fim ɗin kuma har yau ana koyar da shi. Don haka maki biyu za ka bayar daban-daban, ɗaya na riƙe amanar littafi, ɗaya na kyawun fim a karan kansa.

Daga ƙarshe ka koma kan layin nan da ka rubuta, ka sake kallon minti ashirin na ƙarshe. A Annihilation kusan babu magana a wurin, Lena ce a cikin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta bakin teku da wata halitta da ke kwaikwayon duk motsin da ta yi har ta danne ta a jikin ƙofa. Wannan sin ɗin babu shi a littafi ko kaɗan, amma da na ɗora shi kan layina sai ya zauna daram, shi ya sa na ba shi maki mai yawa a riƙon amana duk da ramin da aka cire.