Yadda ake neman sikolashif ɗin gwamnatin Japan na mastas da digirin digirgir

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama sai saƙonni su fara shigo min, Yaya wai ya ake neman wannan na Japan ɗin, wai gaskiya ne har kuɗin jirgi su ke biya? Gaskiya ne. Sunansa MEXT, wato sunan ma'aikatar ilimi da kimiyya ta Japan a gajarce, su a can Monbukagakusho suke cewa, kuma tun 1954 suke ba da shi. Kuɗin makaranta babu, kuɗin jarabawar shiga babu, tikitin zuwa da na dawowa su za su yanka maka, sannan duk wata su saka maka yen 143,000 idan kana matsayin ɗalibin bincike, wato ba ka fara digirin ba tukuna, 144,000 idan ka shiga mastas, 145,000 idan digirin digirgir ne, wasu garuruwan ma akwai ɗan ƙarin dubu 2 ko 3 a kai. Kuma fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce ka turo masa wani abu zai saka sunanka a lis, ɗan damfara ne, ka yi bulokin ɗinsa kawai ka huta.

Kafin ka fara wahalar da kanka duba ko ka cika sharuɗɗa. Shekarunka su kasance ƙasa da 35 a farkon watan Afrilun shekarar da za ka tafi, za su rubuta ainihin ranar haihuwar da suka yanke a takardar sanarwa, kwana ɗaya ka wuce shi ke nan. Mai neman mastas ana so ya yi shekara 16 yana karatu daga firamare zuwa digirin farko, mai neman digirin digirgir kuma shekara 18. Soja mai ci ba ya nema. Sannan fannin da za ka yi bincike a kai dole ya zama wanda ka karanta ne a jami'a ko mai alaƙa da shi, ba za ka karanta tarihi ba ka ce kana son ka je ka yi injiniyan mutum-mutumi don ka ga Japan sun iya.

Ƙofa biyu ce. Ta farko ta ofishin jakadanci, 'yan Najeriya na Abuja, 'yan Ghana na Accra, kowa dai ofishin da ke kula da ƙasarsa, kuma ba a tsallakawa a nema a wata ƙasar. Ta biyu ta jami'a, wato jami'ar Japan ce da kanta za ta tura sunanka ma'aikata, wannan yawanci wajen ƙarshen shekara ake buɗewa kuma suna lissafa makinka da sikelinsu, sai ka kai 2.30 cikin 3.00. Ni dai shawarata ga wanda bai san kowa a can ba, ya bi ta ofishin jakadanci, don ta jami'ar galibi sai kana da farfesan da ya riga ya sanka ko jami'arku tana da yarjejeniya da tasu.

To ta ofishin jakadancin ga yadda take tafiya. Wajen Afrilu zuwa Mayu su fitar da sanarwa a shafinsu na intanet, lokacin da suke bayarwa gajere ne ƙwarai, shi ya sa wanda ya jira sanarwa ta fito sannan ya fara haɗa takardu an riga an bar shi a tasha. Transkirif musamman. Ni nawa sai da na yi sintiri har sau huɗu, yau a ce fayil ba a gani ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, ranar da na karɓa na duba sai na ga an rubuta shekarar haihuwata ba daidai ba, aka sake sabon lale. Don Allah tun Janairu ka nema. Ka haɗa da shaidar kammala digiri, wasiƙar shaida daga shugaban tsangaya ko malamin da ya duba maka furojet, idan kana aiki wata daga wajen aikinka, takardar lafiya a kan fom ɗinsu ba naka ba, taƙaitaccen bayanin furojet ɗinka, da hoto irin girman da suka faɗa. Japanawa ba sa wasa da ƙa'idar takarda, idan suka ce kwafi biyu to biyu ne, idan suka ce ka rubuta lamba a saman kusurwar dama ka rubuta a nan ɗin.

Amma duk waɗannan kowa zai iya tarawa. Inda ake rabuwa shi ne takardar tsarin bincike, 'yar gajeriya ce kusan shafi biyu, kuma a kanta za a yi maka intabiyu, ita farfesa zai karanta, ita kuma za ta je ma'aikatar a Tokyo. Mutane da yawa masu sakamako mai kyau a nan suke faɗuwa, saboda sai su cika ta da labarin yadda suke ƙaunar Japan tun suna yara da yadda suke son taimakon al'umma, babu tambaya ko ɗaya da binciken zai amsa.

Bari in ba ka misali. Ɗalibin aikin gona ya rubuta “ina son in yi bincike kan inganta noma a arewacin Najeriya”, wannan ba komai ya faɗa ba, buri ne kawai. Wani kuma ya rubuta cewa wuta-wuta, ƙudujin nan mai jan fure da ke shanye dawa da gero tun daga saiwa, irinta yana iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran ya ji ƙamshin saiwar hatsi kafin ya tsiro, kuma masu bincike a jami'ar Nagoya sun haɗa wani sinadari da ke yaudarar irin ya tsiro alhali babu shuka a kusa, sai ya mutu da yunwa, to shi yana son ya gwada ko zafin ƙasa da ƙarancin danshi irin na gonakinmu suna rage ƙarfin wannan dabarar, ga yadda zai gwada a ɗakin gwaji a shekarar farko, ga abin da zai auna a ta biyu. Ka ga wannan ko kai ne a kujerar intabiyu ai sai ka gyara zama. Ya nuna ya san matsalar da idonsa, ya karanta abin da su Japanawan suka yi, kuma ya amsa tambayar da za su yi masa ko ba jima ko ba daɗe, wato me ya sa sai Japan.

Shi ya sa nake cewa ka fara da neman farfesa kafin ka rubuta komai, ba wai ka tura masa imel ba tukuna, a'a, ka karanta aikinsa. Akwai shafin Researchmap da ake samun malaman jami'o'insu da jerin abin da suka wallafa, ga kuma Google Scholar. Kuma don Allah a daina makalewa sai Tokyo sai Kyoto. Mai sha'awar hamada da zaizayar ƙasa ya duba jami'ar Tottori, suna da cibiyar binciken busassun ƙasashe. Likitan dabbobi ya leƙa Obihiro, akwai cibiyar da ke aiki kan cututtuka irin su sammore, ko Hokkaido wajen cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Nagasaki kuma sun daɗe a harkar cututtukan ƙasashe masu zafi. A ƙananan garuruwan nan ma kuɗinka ya fi auki, haya ba kamar Tokyo ba.

Idan takardunka sun tsallake sai a kira ka jarabawa, Turanci da Japananci. Kar na Japanancin ya tsorata ka, dole ne dai ka zauna mata amma wanda zai yi karatunsa da Turanci, makin Turancin ne abin dubawa. Tsofaffin tambayoyi suna nan a shafin Study in Japan kyauta, ka sauke ka yi su da agogo a gabanka. Sai intabiyu, ka je da wuri, ka san takardarka kamar karatun allo, idan an tambaye ka me za ka yi bayan ka gama kar ka ce sai abin da Allah ya yi, eh mun sani, amma ka faɗi inda kake son komawa aiki da yadda binciken zai shiga ciki.

Wanda ya ci wannan zagayen, wajen Yuli ko Agusta za a ba shi takardar shaida, kuma sai a lokacin ne yake da izinin neman wasiƙar amincewa daga jami'o'i, akwai ranar rufewa wajen Agusta, ga shi kuma Agusta lokacin hutunsu ne, farfesa zai iya sati biyu bai duba imel ba. Ka bi hanyar da jami'ar ta tsara, wasu ta ofishin ɗaliban waje ake bi ba kai tsaye ba. Imel ɗinka ya zama gajere, ka ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta da abin da ya haɗa ta da naka, ban da Dear Sir ɗin nan da ake kwafa a tura wa mutum 40, suna ganewa wallahi. Daga nan ka cike fom ɗin zaɓin jami'a, uku ake sakawa a jere, sai jira. Sakamakon ƙarshe sai wajen farkon sabuwar shekara, tafiya kuma ko Afrilu ko Satumba zuwa Oktoba, kusan shekara guda zuwa ɗaya da rabi ke nan daga ranar da ka miƙa fom, don haka kar ka ajiye aikinka tun ba ka ga tikiti ba.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba, yawanci ba kai tsaye kake faɗawa mastas ɗin ba. Za ka sauka a matsayin ɗalibin bincike, wanda su ke kira kenkyusei, wasu a fara musu da wata shida na koyon harshe, sannan ka zauna jarabawar shiga ta jami'ar, ka kuma nemi a tsawaita maka sikolashif ɗin. Idan ka yi sake da wannan neman tsawaitawar, kuɗi zai tsaya lokacin da wa'adin farko ya cika. Kuma duk wata sai ka je ofis ka sa hannu cewa kana nan, watan da ba ka sa ba babu alawus, to masu shirin zuwa gida Sallah su yi lissafin kwanakinsu da kyau.

Alawus ɗin farko ba ya shigowa sai ka yi wata ɗaya ko fiye, su da kansu suna ba da shawarar ka zo da kamar dala 2,000 a hannu, ka fara tarawa tun ranar da ka ci intabiyu. Ana iya ɗan aiki na awa 28 a sati idan ka nemi izini, amma ɗakin gwajin Japan ba ya barin mutum ya sarara sosai. Batun abinci kuma, akwai shagunan halal a garuruwan da ke da ɗalibai 'yan Indonesiya da Bangladesh, masallatai ma akwai, na Kobe tun 1935 yake tsaye. 'Yar'uwa mai tambayar hijabi, ana sakawa a jami'o'insu. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ka duba dokar kwastan ɗinsu kafin ka ɗaure, kilishi kam kar ma ka fara, nama ba ya shiga, a filin jirgi karnukansu za su shinshino shi.