Yadda Nake Buga Ƙ, Ɗ da Ɓ

A shagona na buga takardu da ke Agege, katin biki ne rabin aikina. Ranar da wani dattijo ya dawo min da kati ya ce, "Ɗana, manyan baƙi na ce, ka rubuta manyan baki," raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiyarsa ce.

A waya abin ba wuya. Shiga saitin Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, ƙara Hausa cikin harsuna, sai ka danne k ka riƙe, ƙ za ta fito. Haka d da b.

Kwamfuta ce mai aiki. A Microsoft Word, rubuta 0199, ka danna Alt da X tare, ta koma ƙ. Lambar ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuwa: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Amma a kula: in harafin da ya zo kafin lambar a ne, ko b, c, d, e, f, kamar a "baƙi", Word zai haɗa shi da lissafin. Zaɓi lambobin huɗu kaɗai kafin ka danna.

Ni dai na rubuta lambobin a kwali, na manna jikin allon kwamfutata.