Kurakuran da aka fi yi wajen tafiyar da tashar binciken muhalli a tsibiri mai nisa

Wasu daga cikin yaranmu da suka karanta nazarin halittu ko gandun daji a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma sukan ci karo da tallan aiki a intanet: ana neman mai kula da ayyukan bincike a wata tasha da ke tsakiyar teku. Abin da ke zuwa musu a rai shi ne ƙirga tsuntsaye da auna kunkuru. Aikin kuwa mafi yawansa lissafin lokaci ne, da sito, da mutane. Bakatsine bai san teku ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Mai'aduwa ko Baure zai gane yawancin abin da zan faɗa, domin nisa da ofis halinsa ɗaya ne ko'ina.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a tasa halitta ɗaya a gaba a ce ita ce matsalar, ba a tambayi wa take ci ba, wa kuma ke cin ta. A tsibirin Marion na Afirka ta Kudu, ɓeraye sun addabi ma'aikatan tashar yanayi, sai aka kawo kyanwa biyar a 1949. Kuliyoyin suka ga tsuntsayen teku masu ƙwai a rami sun fi ɓera sauƙin kamu. Zuwa 1977 an ƙiyasta sun kai kimanin 3,400, suna cin tsuntsaye dubbai ɗaruruwa a shekara. Sai da aka haɗa da sakar musu cuta, da harbi, da tarko, kafin aka ga bayansu a 1991. An gudu ba a tsira ba: ɓerayen da aka kawo kyanwa dominsu suna nan, yanzu har 'ya'yan albatros suke ci da ransu a cikin sheƙa, tsuntsun nan mai dogayen fukafukai da ba ya yin ƙwai sai ɗaya.

A tsibirin Macquarie na Ostireliya an yi irin wannan ta wata fuskar. An gama da kuliyoyi a 2000, a daidai lokacin da cutar da ake rage zomaye da ita ta yi rauni. Zomaye suka yi yawa, suka cinye ciyawar gangaren duwatsu har ƙasa ta fara zaftarewa. Da aka dawo gyara, sai aka haɗa zomo da ɓeraye iri biyu, manya da ƙanana, aka yi musu shiri ɗaya, aka bayyana an gama a 2014. Gyaran ke nan. Kafin a taɓa kowace halitta, mai kula da aikin ya zaunar da masu bincikensa da takarda da fensir, a zana wa ke cin wa, sannan a rufe ɗaya da yatsa a tambaya: in wannan ya tafi, wa zai miƙe ƙafa? In amsar ta nuna dabbobi uku ne ke riƙe da juna, kuɗin kuma na ɗaya ne, ni dai a ganina a dakata a nemo sauran. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Daga nan sai abin da muke shigowa da shi da kanmu. Duk wanda ya ratsa gona a Daura bayan kaka ya san yadda ƙarangiya ke manne wa ƙafar wando, sai ka zauna kana cire ta ɗaya-ɗaya tana sukar yatsa. Haka iri ke shiga tsibiri. Shi ya sa a tashoshin kirki za ka ga baƙo zaune a ɗakin bincike kafin ya hau jirgin ruwa, ya juye aljihun rigar sanyinsa, yana bin ɗinkin jaka da injin zuƙe ƙura, yana tone ramukan tafin takalmi da tsinke, sannan ya tsoma takalmin cikin ruwan magani. Inda ake yin sake shi ne wajen manya. Farfesa ya zo, ko wakilin masu ba da tallafi, sai kunya ta hana ƙaramin ma'aikaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe jakar." Maganin wannan shi ne shugaban tashar ya fara miƙa tasa jakar a gaban kowa, kuma dokar ta kasance a rubuce cikin takardar gayyata tun baƙo yana gidansa. Kwalayen abinci da katako su ma a buɗe su a rufaffen ɗaki, da tarko a kowace kusurwa. Ɓera mace ɗaya mai ciki ta isa, tunda cikinta mako uku ne kawai.

Akwai kuma rikicin kalanda biyu, ta akawu da ta sama. Masu ba da kuɗi suna so a kashe kafin shekarar kasafi ta rufe, yanayi kuma bai san da wannan ba. Ana zuba gubar ɓera daga jirgi mai saukar ungulu ne da hunturu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, ɓeraye ba sa haihuwa sosai, yawancin tsuntsaye kuma sun bar tsibirin. Amma hunturun ne lokacin hazo da iska. A Macquarie an fara a 2010, yanayi ya hana jiragen tashi, aka tattara aka dawo a 2011. A nan gida na ga irinsa: kuɗin wani aikin dashe bai fito ba sai ƙarshen Agusta, aka raba tsirrai ruwa na shirin ɗaukewa, kafin watan Maris awaki da rani sun raba su tsakaninsu. Tun wajen rubuta yarjejeniya ake gyara wannan. A sa a ciki cewa in lokaci ya ƙwace, kuɗin zai tsallaka zuwa baɗi, a kuma ware wani kaso da ba a taɓawa sai irin wannan rana.

Batun sito ba ya son dogon bayani. Jirgin da ke kai wa Marion kaya da sababbin ma'aikata sau ɗaya yake zuwa a shekara. Aldabra ta ƙasar Seychelles, inda kunkuraye manya kimanin 100,000 suke, ta fi kilomita 1,000 daga babban tsibirin ƙasar. Ba injin ne ke tsayar da aiki ba, ƙaramin abin cikinsa ne: bel, matatar mai, fiyus, batirin na'urar GPS. Wanda zai rubuta jerin sayayya shi ne makanike, ba mai digiri ba.

Wannan ya kawo ni ga mutane. Sabon shugaba kan zo da tunanin masu bincike su ne tashar, sauran 'yan hidima ne. Alhali mai bincike shekara ɗaya ko biyu yake yi ya tafi, direban kwale-kwale da kuku da makanike su ne suka san mashigin da ba a bi in ruwa ya janye, da watan da tankin ruwan sama ke ƙafewa. A ci abinci tare, a raba shara da wanke-wanke har da shugaba. Mutum goma sha wani abu da ba su da inda za su je in sun ɓata, ƙaramar magana kan wanda ya shanye madara tana iya zama gabar wata uku. A tsayar da rana ɗaya a mako da kowa zai faɗi abin da ke cinsa tun bai yi tsami ba.

Kuskuren da ba ya ƙara, amma yake lalata aikin shekaru, yana wajen miƙa aiki. Darajar irin waɗannan tashoshi ita ce ana auna abu ɗaya, a hanya ɗaya, shekara da shekaru. Sai sabon zuwa ya ga hanyar tsofaffi ba ta yi masa ba. Da ana ƙirga kunkuru da sassafe, shi ya mayar da ita hantsi, lokacin da duk sun shige inuwa. Lissafi ya faɗi, a rubuta rahoto cewa kunkuraye suna ƙarewa, alhali agogo ne ya canza. In dole a sauya hanya, a tafi da tsohuwa da sabuwa tare na tsawon shekara guda, domin a san yadda za a daidaita su. Mai tafiya da mai zuwa su taka kowane layin ƙirga tare, ƙafa da ƙafa, ba a miƙa fayil a bakin jirgi ba. A rubuta a littafin fili da fensir, tunda biro na zuba in ya jiƙe, a shigar a kwamfuta a daren ranar, kwafi ɗaya kuma ya kwana a wajen tsibirin.

Sai gaggawar shelar nasara. A tsibirin Gough da ke kudancin Tekun Atlantika an zuba guba a hunturun 2021, wanda a can tsakiyar shekara yake zuwa, bayan shekaru ana shiri, komai ya tafi kamar yadda aka tsara. A watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauki ɓera ɗaya, daga baya aka tabbatar suna haihuwa. Abin yabo ne da masu aikin suka faɗa wa duniya nan take ba su ɓoye ba, kuma ba don kyamarorin da suka bari ba da ba a sani da wuri ba. A tsibirin South Georgia an gama zuba guba a 2015, amma ba a ce an yi nasara ba sai 2018, bayan an bi tsibirin da karnuka masu sansano ɓera da allunan da aka shafa wa abinci don a ga ko haƙori zai taɓa. Saboda haka kuɗin sa ido na aƙalla shekara biyu ya shiga kasafi tun ranar farko, da layinsa daban, da sunan wanda zai riƙa zagayawa yana duba tarkunan.