Kafin ka sauke dish ka koma kallo ta intanet

A 2015 kamfanin HBO na Amurka ya fara sayar wa mutane shirye-shiryensa kai tsaye ta intanet, ba sai sun bi ta kamfanin kebul ba. A watan Janairun 2016 kuma Netflix ya shigo Najeriya. Yau ko DStv yana da tsarin da za ka kalla babu dikoda, kuma yawancin finafinan Kannywood masu dogon zango a YouTube ake sakinsu. Shi ya sa magidanta da yawa a Zariya suke tunanin daina biyan DStv, GOtv ko StarTimes. Sai dai kuɗin da ka hana mai dikoda ba aljihunka zai zauna ba, mai sayar da data ne zai karɓe shi, wani lokacin ma har da ƙari. Don haka a fara da lissafi.

Ka ƙirga awa nawa talabijin yake kunne a gidanka kullum, har da kallon yara da na matan gida da rana. A ce awa 3 ne, wato awa 90 a wata. Bisa ƙiyasin Netflix, hoto matsakaici yana cin kusan 0.7GB a awa, HD, wato hoto mai tsabta, yana kaiwa 3GB, 4K kuwa, wanda ya fi shi tsabta, har 7GB. Ke nan gidan zai sha 63GB a matsakaici, ko 270GB in an bar shi a HD. Idan mutum biyu suna kallo a na'ura daban-daban, ka ninka. Ka duba farashin wannan datar a layinka, ka haɗa da kuɗin wata na manhajar, sannan ka kwatanta da abin da kake biya yanzu. Kada ka yi lissafi da tsohon farashi, domin a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari.

Daga nan sai gwajin sabis. Ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a ɗakin da talabijin yake, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, kwana uku a jere. Gwajin safe ba ya nuna komai, saboda lokacin babu cunkoso. Kana buƙatar gudun megabit 3 a daƙiƙa don hoto mai ingancin 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Mazauna Samaru da Kongo su yi gwajin lokacin da ɗaliban ABU suke gari, don turken sabis ɗaya ake rabawa, kuma gudun da aka samu lokacin hutu ba shi za a samu ba in an dawo karatu. A cikin birni matsalar ta fi zama ta gini: katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna tare sabis. A sa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, kusa da taga, a sama, ba bayan talabijin ba. Idan rautar tana da 2.4GHz da 5GHz, na biyun ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai.

Tsarin da ake kira mara iyaka shi ya fi kama mutane. Yawanci akwai adadin da in ka wuce shi za a rage maka gudu, sai hoto ya riƙa tsayawa alhali datarka ba ta ƙare ba. Ka tambayi wannan adadin kafin ka biya.

Data tana zurarewa ta wurare biyu da ba a lura da su: ingancin hoto da aka bari manhaja ta zaɓa da kanta, da kuma fim da ke bin fim bayan kowa ya yi barci. Ka shiga saiti ka tsayar da hoto a 480p ga waya, 720p ga talabijin mai inci 32, ka kashe ci gaba da kunnawa. Abin da yara suke maimaitawa a sauke shi sau ɗaya.

Ƙwallo ce inda dish bai da abokin gwaji tukuna. Wasa ɗaya a HD zai iya cinye 4GB zuwa 6GB, kuma hoton intanet yana zuwa a makare, sai ka ji ihun maƙwabta kafin ka ga ƙwallon a raga. Mai gidan kallo a Sabon Gari ko Tudun Wada ya riƙe dikodarsa, ya ajiye intanet don ranar da hadarin Agusta ya ɗauke hoto. Gidan da labarai da finafinan Hausa kawai ake kallo kuwa zai iya komawa dikodar da ba a biya mata kuɗin wata, wadda ake kama Arewa24 da ita, ya sayi data daidai sauran.

Ko ka yanke shawara, kada ka kira mai haɗa dish ya kwance. Ka bar kuɗin wata ya ƙare, ka yi wata guda cif da intanet kaɗai, kana rubuta kowace data da ka saya, sannan ka duba jimillar.