Kurakuran Da Na Gaji Da Gani Wajen Sa Wa Motar Tsere Batir Marar Nauyi

Mota ta uku ke nan cikin wata biyu da aka turo mini gareji a nan Sabon Garin Zariya da ciwo iri ɗaya. An cire batirin asali, an sa wani ɗan ƙarami da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya, mota ta yi kwana biyu tana tashi da kik guda, a rana ta uku ta yi shiru. Samarinmu masu gyara mota don shiga fili, da masu tsere da masu juya ta tana jan taya, sun ji labarin batirin litiyom ba shi da nauyi, kuma gaskiya aka gaya musu. Abin da ba a gaya musu ba shi ne batir da altaneta mai yi masa caji da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, duk a igiya ɗaya suke, idan ka taɓa ɗaya sauran sai sun ji. Ni rewaya ne, kuma biyu daga cikin kurakuran nan da kuɗin aljihuna na biya su.

Mu fara da lissafin nauyin. Batirin ruwa mai ams 75 da muka saba da shi yakan kai kilo 17 zuwa 20. Na litiyom da aka yi don tayar da mota yana tsakanin kilo 2 zuwa 5. Ka rage kamar kilo 15 ke nan, daidai da nauyin fetur lita 20. A motar da ta kai kilo 1,400, wannan bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ba. Don haka idan har yanzu kujerar baya tana nan, safaya da jak suna but, ga ƙaton akwatin sifika, to ka fara da su, ba su cin ko sisi. Batir shi ne na ƙarshe a layi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne sa litiyom ba tare da an auna altaneta ba. Wata BMW E46 ce ta wani ƙanin abokina, batirinta a but yake ta gefen dama. Ya kawo sabon batir a kwali, yana ta murna, ya ce, "Yaya, don Allah yau nake so a sa, jibi za mu fita." Na duba kan batir, na ɗaure, na yi kik, ta tashi kamar ana jira. Mitar auna wuta tana rataye a bango, taku uku tsakanina da ita, ban ɗauko ba, saboda motar ba ta taɓa kawo ƙarar caji ba. Ashe regiletan altaneta, mai daidaita ƙarfin wutar da take fitarwa, ya fara lalacewa, idan aka taka totur wuta tana haura bolt 15. Tsohon batirin ruwa yana shanye wannan, sai dai ruwansa ya riƙa ƙonewa a hankali ba wanda ya lura. Litiyom ba ya shanyewa. Irin wanda ake sa wa mota, mai suna LiFePO4, ɗaki huɗu ne a ciki, kowanne iyakarsa bolt 3.65, jimla 14.6. A cikinsa akwai ɗan allon kariya da ake kira BMS, aikinsa shi ne da ya ga an wuce iyaka ya yanke batirin daga mota gaba ɗaya. Haka kuwa ya yi, a daidai lokacin da yaron ya ba ta wuta sosai.

Wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a fadamar Galma ya san abin da ke faruwa idan aka toshe bakin tiyo inji yana aiki: ruwan sai ya nemi inda ya fi rauni ya fasa. Haka wutar altaneta take. Batir ne matattararta, da aka yanke shi sai ta yi tsalle zuwa bolt gommai cikin ƙiftawar ido, ta bi duk wayar da ta samu. Fitilun gaban direba suka haska gaba ɗaya, inji ya mutu. Da aka jawo mini ita na buɗe ƙwaƙwalwar, warin ƙuna ne ya fara dukan hancina, ga wani baƙin tabo kamar an ɗiga kwalta a kan allon. Dayod ɗin altaneta ma sun tafi. Laifina ne, ni na sa, don haka ni na nemo wata ƙwaƙwalwar ta gwanjo, na biya wanda ya haɗa ta da makulli, motar ta yi sati uku a gabana ina kallonta kullum. Tun daga ranar ba na ɗaura litiyom sai na sa mita a kan batir, inji yana salo, sannan a taka zuwa juyi 3,000 a minti, a kunna fitila da fanka a kashe. Ina so in ga tsakanin 13.8 da 14.4, tsaye ba rawa. Idan ta taɓa 14.7 ko sau ɗaya, batirin zai koma kwalinsa har sai an gyara altaneta, ko mai motar ya yi fushi.

Kuma tunda muna nan, ku 'yan'uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah ku daina cire kan batir inji yana aiki wai kuna gwada caji. Wannan dabarar zamanin motocin kafireto ce, lokacin da abin ƙonewa a mota ba shi da yawa. Yau da hannunka kake yin abin da BMS ya yi wa waccan motar. Mita nawa take? Ba ta kai kuɗin fulogi saiti ɗaya ba. Duk yaron da na kama yana yin haka a garejina, ranar sharar fili zai yi har la'asar.

Na biyu da ya ci mini kuɗi, a motata ce, wata tsohuwar Honda Civic da nake wasa da ita. Na ga an rubuta 24 a jikin batir, na ɗauka ams 24 ne na gaske. Ban kula da 'yan haruffan da ke gefe ba, PbEq. Ma'anarsu wai ƙarfin tayar da injinsa ya yi daidai da na batirin ruwa mai wannan lamba, amma ainihin wutar da yake ajiyewa kusan kashi ɗaya cikin uku ce, wato wajen 8. Mota kuwa ko a kashe take tana tsotsar wuta: agogo, ƙwaƙwalwa, na'urar ƙararrawa, da na'urar bin sawu da kowa ke sawa yanzu saboda ɓarayi. A ce duka suna jan miliams 50 (miliams dubu ne am ɗaya), a kwana ɗaya sun sha ams 1.2. Babban batirin ruwa zai yi makonni bai ji ba. Mai ams 8 ba zai cika sati ba. Na yi tafiya Kano na kwana tara, na dawo ko fitilar ƙofa ba ta kawo ba.

Abin da ya sa wannan ke kama mutane shi ne litiyom ba ya kashedi. Batirin ruwa idan ya fara sanyi za ka ji kik yana ja da ƙyar, ka san lokaci ya yi. Shi wannan yana riƙe ƙarfinsa har gab da ƙarewa, jiya ya tayar da mota da kuzari, yau babu komai. Kuma idan ya faɗi ƙasa da bolt 10 ya daɗe a haka, ɗakunan sun samu rauni. Nan na ƙara kuskure a kan kuskure: na aiki yaro ya kai shi wurin mai cajin batir na bakin titi, irin mai tsohuwar na'ura da ake jera batura ana maƙala musu waya. Wannan na'urar ba ta san iyaka ba, tura wuta kawai take yi. Da yamma aka dawo mini da shi ya kumbura kamar burodi, gefensa da zafi. Na ajiye shi a kan yashi nesa da gareji, ban sake amfani da shi ba. Mai cajin bai yi laifi ba, abin da ya sani ya yi. Litiyom yana da cajarsa ta musamman, kuma ko cikin cajojin zamani, duk wadda ke da tsarin farfaɗo da mataccen batirin ruwa kada ta kusance shi, don tana harba wuta sama da bolt 15. Idan kuɗinka bai kai na batir da caja tare ba, to bai kai ba tukuna.

Yanzu ni abin da nake yi, ina tambayar mai sayarwa ainihin ams na ajiya, ba na kallon babbar lambar da ke gaba. Ga motar da ke da fanka ta lantarki, wadda ake kashewa a kunna sau goma a yini a fili, fanka tana juyawa inji a kashe, ba na yarda da abin da ya gaza ams 15 zuwa 20 na gaske. Wasu za su ce na cika tsoro, ƙasa da haka ma yana yi. Yana yi, har ranar da mota za ta juya ta mutu a tsakiyar fili da zafin inji, ka yi kik uku ta ƙi.

Akwai masu ɗauko batirin sola, tunda yanzu ya cika gari, su ce ai shi ma litiyom ne. Allon kariyarsa yawanci ams 100 aka yi shi ya ɗauka a lokaci guda, kik kuwa yana fizgar ɗari biyu ko fiye a tashin farko, sai ya yanke. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu haɗa nasu da 'yan batiran kwamfutar cinya. Wannan wani sinadari ne daban, kowanne yana cika a bolt 4.2. Ka jera uku, iyakarsu 12.6, altaneta zai yi ta ɗura musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ka jera huɗu, sai 16.8 suke cika, mota ba za ta taɓa kai su can ba. Kuma irinsu ne ke kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada ka zauna cikin mota ɗaya da wannan abu, ko wa ya haɗa shi.

Lambar CCA da ake ta gardama a kanta, wato ma'aunin ƙarfin batir na tayar da inji cikin sanyi, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ake auna ta, sanyin da Zariya ba ta taɓa gani ba, don haka kada ita kaɗai ta ja ka. Da asubar hunturu idan litiyom ya yi nauyin tashi, kunna fitilun gaba na rabin minti ya ɗan ɗumama, sannan ka yi kik. Matsalarmu a nan zafi ce. A watan Maris da Afrilu gari kansa yana kusantar digiri 40, balle ƙarƙashin bonet kusa da bututun hayaƙi bayan an gama ba mota wahala. Yawancin waɗannan batura iyakarsu wajen digiri 60 ce. Ni ina mayar da shi but ko bayan kujera, da waya mai kauri, mai faɗin ciki milimita sukwaya 35, da fiyus a kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Na sha ganin an ja doguwar waya daga but har gaba babu fiyus, tana gogar ƙarfe a ƙarƙashin kafet. Ranar da ta huje, babu abin da zai tsayar da wutar.

Sai ɗauri. Don Allah a daina ɗaure batir da robar tsohon tib. Saboda ƙarami ne ba ya cika mazaunin tsohon, sai a cusa tsumma da kwali a gefe a ja roba a kai. Motar da za ta sha kwana da gudu, ta yi birki mai ƙarfi, wannan robar ba ta riƙe komai, batir zai tashi kansa ya taɓa ƙarfe. Ka je wurin mai walda ya yi maka maɗauri daidai girmansa, noti biyu har cikin jikin mota, a rufe jan kan da roba. A dokokin FIA ma, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ɗaure batir da rufe kansa wajibi ne, haka ma makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya. Shi wannan makunnin ka nemi mai ƙafa shida, wanda ke kashe inji ya kuma ba wutar altaneta hanyar zubewa. Mai ƙafa biyu idan aka murɗa shi inji yana aiki, ɓarnar da na ba da labari ce za ta maimaitu.

Ga wanda motar fili ita ce kuma motar zuwa aiki, yau Samaru gobe Tudun Wada, ga cunkoson Kwangila da fanka da rediyo a kunne, ni ba na ba shi shawarar litiyom ko kaɗan. Ƙaramin batirin AGM nake nuna masa, wato ɗan'uwan batirin ruwa amma a rufe yake ruf, irin Odyssey PC680, kilo 7 ne, ams 16, ba ya zubar da ruwa, yana jure altanetan da ba cikakken lafiya gare shi ba, kuma ya ishi inji mai fulogi huɗu. Ka rage kilo goma ba ka sayi fargaba ba. Shi ma dai ba ya son a bar shi ya mutu, idan mota za ta kwana fiye da uku a ajiye, cire baƙin kan.

Yaron E46 ɗin nan ya dawo bayan an gyara altaneta. Na sa mita a gabansa, ya taka totur da kansa, ta tsaya a 14.2 ba ta motsa ba. Muka sa batirin a maɗaurin ƙarfe, na saya masa 'yar ƙaramar mita da ake maƙalawa a ramin kunna sigari, na ce idan ya ga ta haura 14.6 ya sauka gefe ya kashe mota ya kira ni, ko ƙarfe nawa ne.