Darasi na 9: Kashe manhajojin da ba a amfani da su a waya

Wata mai tuyar ƙosai a bakin kasuwar Garwa, a Kamaru, ta zo aji da ƙorafi. Ta ce, "Malam, da safe na sayi mega, kafin la'asar sun ƙare, alhali saƙon murya uku kaɗai na tura."

Malam ya ce, "Inna, miƙo wayar mu gani."

Da aka buɗe sai ga manhajoji birjik, na wasanni da na labarai, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga cikinsu ba. Da su wayar ta zo. Irin waɗannan ba barci suke yi ba. Waya tana ɗaure a bakin zane, su kuwa suna can suna tuntuɓar rumbun bayanan masu su ta intanet, suna jawo talla. Nan mega ke zurarewa, caji ma ya bi.

Yawancin wayoyinmu a nan da Faransanci aka saita su, don haka sai mun koyi gane kalmomin da ido. Ku nemi alama mai haƙora kamar giyar keke, ita ce Paramètres. Ku shiga Applications, ku taɓa sunan manhajar da ba ku so. Idan kun ga Désinstaller, ana iya cire ta ɗungurungum. Idan Désactiver kuka gani, kashe ta kawai za a yi: tana nan cikin wayar, amma ta daina aiki, ta kuma ɓace daga fuskar waya. Ranar da kuka bukace ta, Activer zai dawo da ita. Tun Android 4.0 na shekarar 2011 (Android shi ne tsarin da ke tafiyar da wayar) ake da wannan dama, amma mutane da yawa har gobe wajen mai gyara suke kai kuɗinsu a kanta.

Wadda kuke shiga jefi-jefi ba sai an kashe ta ba. Ku rufe mata Données en arrière-plan, wato shan mega a ɓoye. Ban da WhatsApp dai, in ba haka ba saƙo zai riƙa makara.

Kada ku taɓa Services Google Play, ko Téléphone, ko Messages. Maɓallin da ya yi dishi-dishi ya ƙi dannuwa, ku bar shi. Ku kuma yi hattara da Effacer les données, domin shi yana share duk abin da manhaja ta adana. A WhatsApp, hirarrakin da ba a yi musu ajiya ba sun tafi ke nan.

Inna ta tambaya ko kuɗin da take ajiyewa a asusun waya zai taɓu. Malam ya ce a'a, lambobin shiga asusun, *126# na MTN da #150# na Orange, ba sa bukatar intanet.

Aikin gida: ku rubuta Désactiver da Désinstaller sau biyar-biyar a littafinku. Sannan ku kawo sunayen manhajoji uku da ba ku amfani da su, mu duba tare kafin a kashe ko ɗaya.