Darasi na 6: Diskin waje ya ƙi nuna cikakken girmansa

Masu shagunan tura waƙoƙi da fina-finai a Garwa, Marwa da Ngaundere sun saba da wannan matsala: a jikin kwali an rubuta tera 1, amma kwamfuta ta nuna ƙasa da haka. Kada ku yi saurin yi wa diskin fomat. Ku fara gano inda wurin ya maƙale.

Idan diski mai tera 1 ya nuna giga 931, ko mai giga 500 ya nuna 465, babu abin da ya ɓace. Kamfani yana ƙirga giga da dubu-dubu, Windows kuwa da 1024. Ku bar shi haka.

Matsala ita ce idan ya nuna giga 32 kacal, ko rabin girmansa. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta diskmgmt.msc. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka za ku ga "Gestion des disques". Ku nemi diskinku ta girmansa. Ɓangaren da ke da shuɗin layi yana aiki. Mai baƙin layi da aka rubuta "Non alloué" shi ne wurin da ke zaune a banza, kamar filin da ba a gina ba.

Giga 32 yakan faru ne idan mai gyara ya ari diskin ya saka manhajar girka Windows a kai. Manhajar tana share komai, ta yanki giga 32 a tsarin ajiye fayil mai suna FAT32, ta bar saura babu rabo. Idan akwai hotunan biki ko takardu a ciki a da, ku tsaya nan, kada ku sa komai a kai, ku kai wa mai dawo da fayil, don duk abin da kuka rubuta zai iya danne na da. Idan babu, ku danna maus ta dama a kan baƙin ɓangaren, ku zaɓi "Nouveau volume simple", ku bi har ƙarshe. "Étendre le volume", wato zaɓin faɗaɗa ɓangaren da ke aiki, ba zai kunnu ba sai ɓangaren yana tsarin ajiye fayil na NTFS kuma baƙin wurin yana manne da shi ta dama.

Diski mai tera 3 ko 4 da ya tsaya a tera 2, tsohon tsarin raba diski mai suna MBR ne ya taƙaita shi, sai an mayar da shi sabon tsarin, GPT. Wannan aikin yana share komai, saboda haka ku kwashe kayanku tukuna. Ku buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin mai iko ("Exécuter en tant qu'administrateur"), ku rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuna danna Entrée bayan kowanne:

diskpart
list disk
select disk 1
clean
convert gpt
create partition primary
format fs=exfat quick
assign

Lamba 1 misali ce kawai. Ku duba girman kowane diski sau biyu kafin clean, domin Disk 0 galibi na cikin kwamfutar ne, kuma clean ba ya tambaya kafin ya share. Ku tabbata batir ya cika saboda ɗauke wuta. Tsarin exFAT yana ɗaukar fim da ya wuce giga 4, kuma Mac na karanta shi.

Wani lokaci diski a cike yake amma ba a ganin fayil. Mai yiwuwa bairos ne ya ɓoye su. A cmd ku rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ku sa harafin diskinku a madadin E, sannan ku wanke shi da maganin bairos, ku kuma zubar da kwandon shara.

Diskin da aka saya da arha fiye da kima, wanda fayil ke shiga amma ya ƙi buɗuwa, mai yiwuwa jabu ne da ke ƙaryar girmansa. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika shi ta sake karantawa ta faɗi ainihin girman, ko da yake tana cin awanni. Irin wannan babu umarnin da zai gyara shi, sai a mayar wa mai shago da sakamakon gwajin.